Sau Uku a Tashar Inugu

"...lafiya ƙalau. Ya idon kuma?"

"Idon da ka so ya tsiyaye? Ga shi nan tar, har ƙurajen goshinka ina gani."

"To madalla. Amaryata ta warke, sai a fara shirin kai lefe."

"Ungo naka," in ji Hajiya, ta watsa masa daƙuwa da hannu biyu.

Haka suka fara tun bai cire takalmi ba. Ni Khairunnisa ce, aikin jinya nake a nan Dubai, kuma filat ɗina na Bur Dubai shi ne masaukin duk wanda ya taso daga gidanmu na Kano. Kakarmu Hajiya Turai ta zo aka cire mata yanar ido, sati biyu ke nan tana wurina. Wanda ya shigo kuwa ƙanena ne Zailani, mai karatun shirya fim. Sunan kakanmu marigayi ya ci, shi ya sa tun da aka haife shi Hajiya ba ta taɓa kiran sunansa ba. Mai-suna take ce masa, in ana shiri ta ce angona, in ba a yi ta ce ja'iri. Ko a asibiti da aka tambaye ta sunan miji don cike takarda, juyowa ta yi ta zuba mini ido sai da na faɗa.

Abin da ya haɗa su a ranar fim ne. Zailani ya shirya wani ɗan fim na kammala karatu a kan yadda Hajiya da kakanmu suka baro Inugu a jirgin ƙasa a 1966, ana dab da yaƙin basasa, ita tana budurwa, shi yana tela mai neman aurenta. Babanmu ya bugo daga Kano ya kafa sharaɗi, ba za a nuna wa kowa ba sai Hajiya ta gani ta yarda. Ranar Alhamis malamai za su karɓa, mu kuma muna Talata. Ja'irin ya yi ta jan ƙafa har sai jiya da la'asar ya ajiye mata laftof ya gudu. Ta kalla sau biyu, yau kuma ko kunun da na dama mata ba ta taɓa ba. Ni da na nemi hutun kwana ɗaya don in miƙe ƙafa, ga abin da na samu.

"Zauna a ƙasa," in ji Hajiya. "Kujera ta masu mutunci ce."

"Na zauna. Faɗi gaskiya tsohuwa, kin ga fim ɗin angonki kin yi kuka, ko?"

"Na yi. Na yi wa ubanka kuka, da ya turo ka ƙasar Larabawa ka koyo ƙarya da na'ura."

"Wace ƙarya kuma?"

"Wancan garin da ka nuna, wai shi ne Inugu? Inugun da na sani jar ƙasa ce da tsaunuka, ruwan sama kullum sai ka ce an fasa randa. Kai ka nuna mini rairayi da bangon Larabawa, har da akwatin sanyaya ɗaki maƙale a taga."

"Wannan kuskuren edita ne, za a goge shi."

"Wane ne editan?"

"Ni ne."

"To a goge ka."

"Haba habibti, shwaiya-shwaiya mana, bi ni sannu-sannu."

"Kar ka habibce ni. Ita kuma waccan ramammiyar da ka ce ni ce, daga ina ka tsinto ta?"

"Muhsinat ke nan, ajinmu ɗaya. Ita ce ta fi kowa iya fitowa a makarantar."

"Da gashin ido kamar tsintsiya? Ni ina shekara sha takwas, in na ɗauko ruwa daga famfo na ratso layinmu, teloli sai sun ɗinke yatsunsu."

"Na ga hotonki na lokacin fa, Hajiya. Wuya ne zalau-zalau, ga ido a waje. Alfarma na yi miki."

"Wuyan nan kakanka ya ɗinka wa riga bakwai ba wanda ya sa shi. Kai wa ka taɓa ɗinka wa ko hankici? Shekara ashirin da huɗu, ko kare bai taɓa biyo ka gida ba."

"Ai ke kike korarsu. Kowa ta ji ina da tsohuwar mata mai haƙoran roba sai ta gudu."

"Haƙorana biyu ne na roba, sauran duk nawa ne, zo in gwada maka a kunne. Sannan ka ba yarinya jaka mai taya tana ja ƙiii. A zamanin? Adudu muka ɗauko, da fanteka ɗaure a tsumma."

"Wallahi na zaga kasuwar Naif lungu-lungu, ba mai adudu. Wani mai shago ma ya ɗauka magani nake nema, ya nuna mini kemis."

"Ita kuma Mama Nkechi, maƙwabciyarmu? Matar da ta ɓoye mu kwana biyu a ɗakin girkinta, ta raka mu tasha da ƙanena goye a bayanta, ita ce ka nuna sau ɗaya tana wucewa kamar mai tallan gyaɗa?"

Nan Zailani ya sosa ƙeya. "Wannan kam kin yi gaskiya. Akwai sauran fitowarta da na ajiye, zan mayar."

"Duk wannan na yafe, tun da ba hankali ne ya ishe ka ba. Kunna mini ƙarshen."

Ya kalle ni, na ɗauke kai. Ni ma na ga ƙarshen, kuma tun da na gani na san za a yi ta. Ya kunna. Ga tasha cike da mutane, jirgi ya fara motsi. Yarinyar tana bakin taga, uwar saurayin na zaune a gefenta. Shi kuma telan, da ya koma ɗauko kan kekensa na ɗinki, yana kutsawa cikin jama'a da shi a ka, yana leƙa tarago ɗaya bayan ɗaya bai ga nasu ba. Sai yarinyar ta ɗan leƙo, ta ce "Zailani" a hankali. Ya juyo, aka saki kiɗa.

Hajiya ta dafe laftof ɗin ta rufe da ƙarfin da ya sa na tausaya wa gilashin.

"Ni? Ni Turai 'yar Malam Idris? Ka sa duniya ta ga na kama sunan mijina gatsau, kamar mai kiran ɗan garuwa? A gaban uwar da ta haife shi?"

"Lokacin ai ba mijinki ba ne, rana kawai aka sa."

"Ai shi ya fi muni, ɗan banza!"

"To ya zan yi? Tun muna yara kike ba mu labarin nan. Kullum in kin zo daidai wurin sai ki ce Allah ya haɗa mu, ki tsallake zuwa Kano. Malamina ya ce Allah ya haɗa mu ba ya ɗaukuwa a kamara, dole mai kallo ya ga yadda aka yi."

"Malamin naka ya je ya yi istigfari."

"Tasha mai mutum dubu, tarago ya fi goma. Ta yaya ya gane naku?"

"Allah ya haɗa mu."

"Kin ji ko, Yaya Khairi? Kin ji ta?"

"Ni ba ruwana," na ce, "kuma ku rage murya, ba gidan Kano ba ne, bangon nan kwali ne."

Ba wanda ya ko kalle ni.

"Ka yanke wurin nan," in ji Hajiya, "ko yanzu in kira ubanka."

"In na yanke ba sauran fim. Khalas. Duk minti ashirin da biyar ɗin wurin nan suke tafiya. In maimaita shekara ke nan, bizata ta ƙare, in dawo Kano in tare a ɗakinki ina cinye miki dambun nama."

"Ka dawo. Akwai wanke-wanke."

"Hajiya, da gaske nake."

"Ni wasa ka ga ina yi? Gobe a tura shi a waya, surukaina su gani, matan jikokina su gani, 'yan islamiyyarmu su gani. Ni da na yi wata uku ba na amsa gaisuwar uwarka don na ji ta kira ubanka da sunansa a tsakar gida? Da wane ido zan kalle ta?"

"Da sabon da aka gyara miki. Wallahi da na sani da na roƙi likita ya bar miki yanar nan sai bayan Alhamis."

"Ai na sani! Shi ya sa ka ɓuya, kana jira a naɗe mini ido ka kunna mini in ji kiɗa kawai in sa albarka. To Allah ya fi ka."

Har nan wasa ne irin nasu, duk da zafinsa. Na saba, in sun gama a kan tabarma ɗaya suke cin abinci. Amma na ga fuskar Zailani ta canja. Wata takwas ya yi a kan fim ɗin nan, ya roƙi wannan ya lallashi wancan, ya yi ta ɗaukar kaya a ka cikin zafin Dubai da ke narka takalmi. Ya miƙe tsaye.

"Na gane. Ke dai ba kya so a san kin taɓa son mutum. Kin fi so a ce ke dutse ce. Wa ya sani ma, wataƙila da jirgin ya tafi ya bar shi, ɗankwalinki kawai za ki gyara."

"Kai, Zailani!" na daka masa tsawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don wannan ya wuce wasan jika da kaka.

Bai tsaya ba. "Gara Muhsinat ɗin da kike zagi. Ita dai ta buɗe baki ta kira shi."

Hajiya ta miƙe ba tare da ta dafa komai ba, abin da rabon da ta yi tun kafin ta zo.

"Wannan ne kira? Wannan muryar kyanwar da mura ta kama? Ka san ƙarar tashar nan kuwa? Kan jirgi na huci, mata na kururuwa, ga wani jirgin ya iso daga Arewa, su ma 'yan can da suka gudo gida suna ta saukowa da kaya a ka suna neman 'ya'yansu. Wa zai ji wannan miyau ɗin? Na farko ko waiwayowa bai yi ba! Na biyu wani mai gemu ne ya juyo yana kallona. Sai a na uku, da na taka fantekar uwarsa na zura rabin jikina ta taga, na ƙwalla har maƙogwarona ya..."

Sai ta tsaya, bakinta a buɗe.

Ni dai ludayi ne a hannuna, ban san lokacin da na ajiye shi a kan kujera ba. Zailani ya koma ya zauna a ƙasa a hankali, inda aka ce ya zauna tun farko.

"Hajiya," ya ce, "sau uku?"

"Ban ce komai ba. Maganin idon nan ne yake sa ni sambatu."

"Ɗigawa ake yi a ido, Hajiya, ba sha ake ba," na ce.

"Ke kuma malamar asibiti, wa ya sa da ke?"

Ta zauna. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta, sannan ta yi magana tana kallon bango.

"Uwarsa ce ta jawo ni ta zani, ta zaunar da ni, ta lulluɓe mini kai. Maza suka janyo shi ta ƙofa, shi da kan keken, gwiwarsa duk jini. Tun daga Inugu har Makurɗi matar nan ba ta kalle ni ba. Ni kuwa na gama sawa a raina an fasa auren, wa zai kai ɗansa gidan marar kunya? Sai da muka haye gada, mutane suka fara hamdala, ta kwance bakin zaninta ta ɓare goro, ta miƙo mini rabi. Ta ce, ni ban ji komai ba. Har ta koma ga Allah ba ta sake tayar da zancen ba."

"Shi kuma Malam, kakanmu?" in ji Zailani.

"Ja'iri ne irinka, ai ba a banza ka ci sunan ba. In mun keɓe ba kowa, sai ya matso ya ce, Turai, jirgi zai tashi. Wai in sake faɗa. In ce masa ya je jirgin ya taka shi. Shekara arba'in da takwas muna haka, bai gaji ba, ban faɗa ba." Ta ja numfashi. "Da ya kwanta a asibiti, saura kwana biyu, ya kama hannuna ya ce, Turai, yau fa da gaske jirgin zai tashi. Na waiga na ga 'ya'yansa tsaye a bakin ƙofa. Na ce, Malam, yara na ji. Ya yi dariya ya saki hannun."

Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi, kuma na ji haushin kaina da na yi. Shekara tara ke nan na san tsohuwar nan tana goge kan keken nan duk Juma'a a Kano, ban taɓa tambayar dalili ba.

Zailani ya jawo laftof ɗin gabansa. "Ki yafe mini abin da na faɗa. Zan yanke shi, Hajiya. Yanzu a gabanki. Shekara ɗaya ba komai ba ce."

"Ka yanke uban wa?"

Ya ɗago.

"Tun jiya nake tunani, na kasa gane abin da ya hana ni cin abinci. Ko don ka tona ni ne, ko don ka tona ni da muryar kyanwa. Mutum ya ga wannan ai sai ya ce ban damu ba ko ya hau ko ya zauna." Ta miƙa hannu. "Ina abin nan naka mai gashi-gashi da ake magana a ciki?"

"Makirfon?"

"Ko ma mene ne sunansa. Kunna shi ka ajiye nan."

Ya fito da na'urar daga jaka, ya saita, ya nuna mata jar fitilar. Ya fara bayanin ta matsa kaɗan, kar ta yi kusa da yawa, ta ce in ya ƙara kalma ɗaya za ta fasa.

"Yalla, ku fita. Har ke. Ku je bakin ruwa ku kalli masu kwale-kwale."

Ba mu je ko'ina ba. A baranda muka tsaya, bayan ƙofa, kamar waɗanda mai gida ya kora. Minti ɗaya, minti biyu, shiru. Zailani ya ce mini ƙila ta fasa. Na ce ya rufe mini baki.

Sai muka ji. Na farkon a shaƙe ya fito, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Na biyun ya fi ƙarfi. Na ukun kuwa, wallahi ban san akwai wannan muryar a ƙirjin Hajiya ba. Ta ratsa ƙofa, ta cika barandar, ta tsage a ƙarshe. Maƙwabciyata 'yar Indiya ta buɗe ƙofarta a firgice tana tambayar ko a kira motar asibiti, na yi mata alama da hannu ta koma.

Ƙanena bai san lokacin da ya amsa ba. "Na'am," ya ce, can ƙasa-ƙasa. Tun da ya zo duniya bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

Ƙofa ta buɗe. Hajiya na tsaye, ta gyara ɗaurin ɗankwali, fuska a ɗaure tamau, idon da aka yi wa aiki ya yi ja.

"Ba kai na kira ba, ja'iri."

"Na sani, Hajiya."

"Ka cire muryar kyanwar nan ka sa wannan. Ka goge akwatin sanyi, ka mayar mini da Mama Nkechi. In uwarka ta tambaya, ka ce muryar Muhsinat ce."

"Muhsinat mai shekara saba'in da shida?"

"Ka ce mura ta yi."

Dariya ta ƙwace masa yana share ido da hannun riga. Ita ma ta so ta riƙe tata, ta kasa, har haƙoran roban nan biyu suka bayyana. Ta ce in ɗumama mata kunun nan, yunwa take ji. Sannan ta kwance bakin mayafinta, ta fito da goro ɗaya cikin waɗanda ta taho da su daga Kano, ta ɓare, ta miƙa masa rabi.

"Angona, da kake tsaye a nan, ka ji wani abu?"

Ya karɓa da hannu biyu.

"Ni ban ji komai ba, Hajiya."